Sojojin da Ke Jinina

"Sojojin da jini ke tarawa don yaƙar cuta sun yi kaɗan a jikinsa," in ji likita. "Ƙwayar ta ci huhun sosai."

Baba na kwance a asibitin Ƙanƙara, kowane numfashi sai ya yi kokawa. Ni da 'yan gida kuwa sai ido.

Yayana Mas'ud ya ce, "Wallahi maƙwabcinmu Malam Ɗanlahadi ne ya shafa mishi! Tari yake ta yi a rumfar hatsi."

Ni ma na rufe wa dattijon ƙofa da ya zo dubiya.

Aka gwada jinin 'yan gida da maƙwabta. Da sakamako ya fito, likita ya ja ni gefe.

"Amatullah, maƙwabcinku bai taɓa kamuwa ba. Ke ce jininki cike da tsofaffin sojoji. Kin yi ciwon, kin warke ba ki sani ba. Yaushe kika dawo daga jami'a?"

Sati uku ke nan. Ranar, da ludayi ɗaya muka sha fura da Baba.

Mas'ud ya leƙo, ya nuna takardar hannuna.

"To 'yar boko, karanta mana. Shi ne ko?"