Ɗigon Ruwan Rake a Kan Gilashi

Ya kai mai karatu mai daraja, wanda aka hore wa basira da haƙurin sauraron manya, ina roƙon ka gyara zama, ka jingine gaggawar zamani a gefe, domin mai wannan rubutu ba ɗan koyo ba ne. Na yi karatu a zamanin da ake zane ɗalibi saboda waƙafi guda, na koyar da lissafi har furfura ta rufe ni, sa'an nan manoman rake, da suka duba ba su ga wanda ya fi ni sanin ya kamata ba, suka ɗora mini shugabancin kwamitin ladabtarwa na ƙungiyarsu. Abin da zan shimfiɗa maka a gabana aka yi shari'arsa, kuma ban ƙara masa gishiri ba.

Ka sani, matatar sukari ba ta karɓar rake da nauyi kaɗai. A bakin ƙofarta akwai rumfa, cikinta da tebur, da ƙaramin injin matsa, da ma'aunin zaƙi mai kama da guntun bututu. Ana ɗiga ruwan rake a kan gilashinsa, a ɗaga wa haske, a leƙa, a karanta lamba. Raken da bai kai sha shida ba, da shi ake juyawa gida, wahalar shekara ta tashi a banza.

Mai leƙa ma'aunin, wanda ake kira Mai-awo, saurayi ne siriri marar hayaniya, aibinsa ɗaya shi ne shayi. Kofinsa ba ya barin gefen ma'auni, kuma sukarin da yake zubawa ya isa gida guda.

Akwai wani manomi da ake kira Guduma, ƙato mai saurin hannu, wanda yake auren yayar Mai-awo, suna da 'ya'ya biyar. Gonarsa na can ƙarshen kwari inda ruwa ke kwanciya ya rage wa rake zaƙi, amma kowace kaka rakensa na tsallakewa, shi kuwa yana bugun ƙirji cewa noma a jininsa yake.

"Auta, shayin nan zai kashe ka ba ka ajiye ko mata ba," in ji Guduma duk sa'ad da ya iso.

"Yaya, rake ka kawo ko karan masara? Tsaya in goge maka gilashin da hannuna, kada ka ce ƙura ta cuce ka."

A wannan kakar matatar sukarin ta turo sabon jami'i mai sa ido. Da shigarsa rumfa ya sa aka fitar da kofin, yana cewa nan wurin aiki ne. Ya ajiye ruwa mai tsabta da farin ƙyalle, ya tsaya a kafaɗar Mai-awo.

Da hantsi motar Guduma ta iso. Aka matse rakensa. Mai-awo ya wanke gilashi, ya ɗiga, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Ya sake wankewa, ya sake ɗigawa, gumi na bin wuyansa.

"Nawa?" in ji jami'i.

"Sha uku."

Guduma ya yi dariya, yana jiran a ce wasa ne. Da ya ga jami'i ya yi wa direba alamar juyawa, sai fuskarsa ta canja.

"Ni za ka tozarta don ka burge sabon ubangida? Kai da ka girma a kan kwanona?"

Ya fizgo sandar rake mai kauri, ya shimfiɗa wa Mai-awo a fuska. Sandar ta tsage, haƙora biyu suka faɗo a kan tebur. Ya kama wuyan rigarsa ya jawo shi ta saman teburin, ya maka shi da ƙasa, ya bi shi da ƙafa a haƙarƙari har ana jin ƙarar daga layin motoci. Jami'i ya ruga neman masu gadi. Mai-awo bai ɗaga hannu ya rama ba, bai kuma yi kururuwa ba, jini na zuba daga bakinsa yana cewa, "Yaya, yi haƙuri, yau ban samu hali ba."

Guduma bai ji ba. Ya danne hannun daman yaron a kan dakalin siminti, ya ɗauko ƙarfen juya injin matsa, ya sauke shi a kan babban yatsa, sau biyu. Sai da ƙarti shida suka taru kafin aka ɓamɓare shi.

Batun duka na kotu ne, kuma kotu ta ɗaure Guduma. Hurumina ni shi ne awo, domin manoma sun yi cincirindo suna rantsuwa cewa an fara rage musu lamba. Na sa aka sake auna raken Guduma a gabana da ma'auni uku dabam, duk suka ce sha uku. Na sa aka auna na sauran manoma, kowa ya sami abin da ya saba samu. Daga nan na tafi asibiti da kaina, na zauna a gefen gadon, na dubi dungulmin hannun da likita ya naɗe bayan ya yanke yatsan, na yi tambaya guda, irin wadda sai tsohon malamin lissafi zai yi: ta yaya raken sha uku ya yi ta kai sha shida duk shekarun baya? Yaron ya juya fuska ga bango, ya ba ni amsa.

Saboda haka, ya mai karatu, wanda ya amsa da bakinsa cewa shekara da shekaru yana tsoma wannan yatsa a cikin shayinsa ya shafa wa gilashi duk ranar da raken mijin yayarsa ya zo, don kada 'ya'yanta su kwana da yunwa, wato Mai-awo, shi na ci tarar buhu uku na sukari.