Beben Gidan Ollinger

Rijiya ta huɗu ke nan Veit Rennich yake haƙawa a bayan gidansa, ita ma da ya ɗanɗana ruwan sai ya tofar. Gishiri da warin ruɓa. Ya ɗaga kai daga cikin ramin, sai ga maƙwabcinsa Kaspar Ollinger tsaye yana kallonsa. Kaspar dama bebe ne. Ya taka zuwa iyakar gidajensu, ya doka diddige a ƙasa sau biyu, ya koma gonarsa. Washegari Veit ya haƙa wurin yana ƙunƙuni. Gaba uku ya tarar da ruwa mai daɗi.

Daga tsatson Veit gidanmu ya fito. A 1785 ya biyo kogin Danube zuwa yankin Banat, saboda sarkin Viyana ya yi wa manoman Jamus alkawarin gida da gona da shanun huɗa. Sharaɗin ɗaya ne: sai magidanci mai mata. Gwauro ba shi da rabo, haka mace ita kaɗai. Shi kansa Veit kwana biyu kafin jirgin ruwa ya tashi ya auri Walburga. Da suka iso, fadama suka tarar da sauro. Kafin shekara biyu zazzaɓi ya kwashe kashi ɗaya cikin uku na ƙauyen, har da 'yarsu ta fari.

Su Ollinger sai bayan wata guda suka iso, a ƙafa, su biyu. Matar, Apollonia, ita ta miƙa wa jami'in rabon gonaki takardarsu, ta ce zazzaɓi ne ya kwantar da mijinta a hanya ya tafi da muryarsa. Shi kuwa yana bayanta, cikin rigar da hannunta bai rufe masa wuyan hannu ba.

Abin da ya riƙa ci wa Veit tuwo a ƙwarya shi ne, tun yana ɗan shekara bakwai yake bin garma, ya iya karatu, yana da littafin yanayi da ya taho da shi daga gida, amma kullum beben nan yana gabansa. Veit ya shuka alkama a kwari, ambaliya ta cinye. Kaspar ya shuka masara a wani tudu da babu wanda ya lura tudu ne. Rana tsaka, sama fes, sai a ga Kaspar yana kwashe ciyawarsa da sauri, kafin yamma a tsuge da ruwa.

"Wai ku daga wane gari kuke?" Veit ya sha tambayar Apollonia.

"Can wajen tsaunuka, maƙwabci. Ba za ka san shi ba."

Mutumin ga taurin kai. Bai taɓa raka kowa kasuwar birni ba, matarsa ce ke zuwa. A coci can baya yake tsayawa. Ran Laraba ko an yanka alade a gidanka ba zai taɓa nama ba. Duk da haka Veit ne ya zama uban baftismar ɗansu na fari, kuma duk sanda garmarsa ta karye, da safe zai tarar an gyara.

A shekara ta goma sha tara da zuwansu aka zaɓi Veit mai gari, ya gaji rigimar makiyaya. Rumaniyawa ne da gwamnati ta tayar zuwa ƙetaren fadama kafin a yanka filayen ƙauyenmu. Duk hunturu, idan ruwa ya daskare, sai su ƙetaro da tumakinsu su bi ta kan tsiron alkama. Veit ya rubuta ƙorafi a kore su bayan kogi gaba ɗaya. Jami'in gunduma ya ce ba zai karɓa ba sai da hannun duk gidaje arba'in.

Gidaje talatin da tara suka sa. Kaspar ya saurari karatun takardar har ƙarshe, ya tura ta gefe.

Sau uku Veit yana komawa. A na ukun ya kasa daurewa.

"Layi biyu kawai za ka gicciya a madadin sa hannu, Kaspar, ko jaki zai iya. Mun binne 'ya'yanmu a ƙasar nan, mun busar da ita da hannunmu. Su me suka yi mata? Gara a ce kurma ne kai, da na san ba ka ji ba."

Kaspar ya dube shi tsawon lokaci, leɓensa na motsi. Sannan ya ɗauki hularsa ya fita.

Wa'adin da jami'in ya bayar ya wuce. Veit ya daina gaishe shi, ya hana Walburga shiga gidan. Sati uku bayan haka aka tsinci Kaspar a faɗe a gona ya rasu, hannunsa riƙe da igiyar shanu.

Veit ya shiga gidan makokin da haushi da kunya, bai san wanne ya fi yawa ba. Ya ce zai je ya kira Fada, limamin cocinsu, ya sa a haƙa kabari.

"Bar Fada," in ji Apollonia. "Ɗaura dokinka a amalanke. Ƙetaren fadama za ka kai mana shi."

"Wajen makiyaya? Kin san me kike faɗa? Bajamushe, a binne shi can?"

Ta gyara wa mamacin wuyan riga, ba ta ɗago ba.

"Kaspar na binne shi a bakin Danube kwana tara kafin in iso nan. Wannan sunansa Trifu, ɗan makiyayan can ne. Ba bebe ba ne, harshensa ya ɓoye don kar ya tona mu, kuma a kan filin kiwon ubansa aka gina mana gidajen nan arba'in."