Marubucin da Masoyansa Suka Kora

Ka ce kana mamakin yadda mutum ɗaya zai rubuta littattafai da hannu ɗaya, wani a yi ta rububinsa, wani kuma ko ƙuda ba ya sauka a kansa. To, gyara zama ka ji wani misali.

An yi wani marubuci, ɗan firit da shi, mai siririn wuya, gwanin labaran aljannu da jarumai. Littafinsa na farko shi ya fito da shi, wato labarin Barde Ƙarangiya, jarumin da yake hawan kura mai fukafukai, yana sare kawunan dodanni kamar mai girbin dawa. Littafin nan babu inda bai shiga ba. Tuwo ya sha ƙonewa a tukunya saboda shi, teloli sun sha ɗinke aljihu a baibai, har an sami wanda ya raɗa wa ragonsa suna Ƙarangiya. Da tafiya ta yi tafiya, marubucin ya gaji da sare-sare, ya shiga rubuta wasu labaran da shi ya fi ji da su. Wanda ya fi so a cikinsu labarin wani birni ne a ƙarƙashin kogi, inda mutanen ruwa suke cin kasuwarsu, wata tsohuwa kuma tana zaune tana saƙa ruwan sama a masaƙarta. Duk basirarsa ya juye a ciki. Amma littafin ya zauna a shaguna kamar an dasa shi. Rana ta cinye launin bangonsa, gara ta riga mutane karanta shi.

Abin ya tsaya wa marubucin a rai. Ya zargi masu shago, ya zargi mai zanen bango, ya zargi mahassada da sammu. Ran nan ya ce bari dai ya je ya gane wa idonsa. Ya tafi wani gari ranar kasuwa, ya tsaya a rumfar mai littattafai kamar mai saye, ba wanda ya san shi, don bai taɓa sa hotonsa a littafi ba. Duk wanda ya zo tambayarsa ɗaya ce, ko ci gaban Barde ya fito. In aka ce a'a, sai ya juya ko kallon sauran ba ya yi. Can sai ga wani ƙaton mahauci, wuƙa a ƙugu, ya zo sayen sabon Barde domin 'yan aro sun yayyaga masa nasa. Marubuci ya ga dama ta samu. Ya sunkuya ya zaro littafin birnin kogi daga ƙasan tebur, ya hure shi, ya miƙa masa, ya ce wannan ma na mutumin ne, kuma ya fi Barde daɗi nesa ba kusa ba. Mahauci ya jujjuya littafin, ya tambaya ko Barde yana ciki. Aka ce babu. Kurar fa? Ita ma babu. To, wa ake sarewa? Marubuci ya ce ba a sare kowa, wata tsohuwa ce take saƙa.

Nan take fuskar mahauci ta murtuke. Ya daka tsawa ya ce, “Jama'a, ga ɗaya daga cikinsu!” Ya fizgo littafin Barde, ya juya bangon baya, ya karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji: “'Yan damfara sun fara buga shirme da sunana. Duk littafin da kuka buɗe ba ku ga Barde da kurarsa ba, ba nawa ba ne. In kun kama mai tallarsa, ku yi maganinsa.” Marubuci ya gane kalaman nan sarai. Shi ya rubuta wannan gargaɗi da hannunsa, cikin fushi, tun lokacin da ba shi da wani littafi sai Barde. Ya manta da shi sarai, masu ɗab'i kuwa ba su manta ba, duk bugun da aka sake yana nan daram. Ashe shekara da shekaru shi yake kore wa kansa masu karatu.

Ya ɗaga hannu ya ce, “Ku tsaya, bayin Allah, ni ne fa marubucin!” Sai rumfa ta kece da dariya. Mahauci ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, “Kai? Da wannan wuyan kamar na zabo? Malam, wanda ya rubuta Barde ai sai ya sunkuya yake shiga ƙofa.” Mai rumfa ya ce da ma shi ya daɗe yana zargin littattafan nan, shi ya sa ya tura su ƙasan tebur. Wani ya ce a kai shi wurin hukuma, wani ya ce ina, ai mai littafi ya riga ya faɗi abin da za a yi. Mai tumatir ta ba da ruɓaɓɓun cikin kwandonta sadaka. Marubuci ya tattare rigarsa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, jama'a suka rufa masa baya, kowa yana rantsuwa yau sai ya ƙwato wa marubucin Barde haƙƙinsa. Da ƙyar ya sha, ya isa gida ba hula, takalmi ƙafa ɗaya, riga ta yi jawur. Matarsa ta riƙe baki ta ce, “Maigida, 'yan fashi ne?” Ya zauna yana haki, ya ce, “Ina fa. Masoyana ne.”

Ai da ma Hausawa sun faɗa: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.