Mai Fiton da Ya Kife Jirginsa

Zauna tukuna, tambayarka ba ta amsawa a tsaye ba ce. Kana so ka ji ko ya halatta a yaƙi azzalumin shugaba, kuma idan aka toshe masa hanya talakawansa suka mutu, alhakin yana wuyan wa. To, ga misalin wani mai fito.

An yi wani gari a ƙetaren kogi da wani mutum ya ƙwace da bakin bindiga. Bai gaji mulki ba, ba a kuma zaɓe shi ba. Ya dai wayi gari ya ce shi ne, duk wanda ya ce a'a sai a neme shi a rasa. Cikin waɗanda aka rasa har da ƙanen mai fiton nan. Garuruwan wannan gaɓar suka taru suka ce yaƙi ba wasan yara ba ne, a fara da horon yunwa. Kada gishiri ya ƙetare, kada kanwa, kada magani, kada mutum, har mutanen can su gaji su tuge shi da hannunsu. Mai fito ne ya fara miƙewa. Ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ya rantse ba zai sake fitar da kowa ba sai azzalumi ya faɗi, sannan ya ja jirginsa tudu ya kife. Ranar ya koma gida da farin ciki, gani yake ya rama wa ƙanensa.

Amma yana da 'ya, Hansai, tana aure a can, kuma da cikin fari. Ka san cikin fari idan ya tsufa gida ake komawa goyon ciki, yarinya ta haihu a ɗakin uwarta, a yi mata wankan jego, a dama mata kunun kanwa. Uwar ta riga ta tara itace a bayan ɗaki, ta sayi babbar tukunya. Wata safiya Hansai ta zo bakin ruwa da ƙullin kayanta a ka, tana jan ƙafa. Kogin bai kai faɗin da uba zai kasa gane 'yarsa ba. Ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, ni ce." Ya dubi jirgi, ya dubi mutanen da suka ji rantsuwarsa, suna tsaye suna kallonsa, kowa da nasa a ƙetare. In ya ɗauko tasa yau, gobe da wane baki zai hana wani? Ya kai hannu baki ya ce, "Yi haƙuri 'yata, saura ƙiris ya faɗi." Ta ɗan jima a tsaye, ta juya. Ta sake zuwa, ta sake, daga baya ta daina. Tun daga nan abinci ya daina yi masa daɗi, matarsa kuwa sai dai ta ajiye masa kwano ta wuce.

Shi kuwa wanda aka yi domin shi, ko cin rana ɗaya bai tsallake ba. Fatake na zagayowa ta bayan daji su sauke kaya a rumbunsa kaɗai, shi ke yanka farashin da ya ga dama, har mutum ya ba da akuya a kan ɗan gishirin miya. Samari suka yi ta shiga rundunarsa, don nan ne kawai ake ɗora tukunya. Idan aka fito da gawa, sai ya nuna wannan gaɓar da sanda ya ce ga masu kashe ku can. An yi zaton yunwa za ta sa a tayar masa, an manta mai jin yunwa abin da zai sa a baki yake nema, ba faɗa ba.

Da haƙuri ya ƙare aka ɗaura yaƙi, dattawa suka ce wa mai fito ya tayar da jirgi, malamai sun ba shi mafita kan rantsuwarsa. Jirgin da bai ɗauki mai ciki ba ya yini yana jigilar masu makamai. Kafin su isa, azzalumi ya ɗora dukiyarsa a kan dabbobi ya yi gaba, waɗanda suka mutu a ƙofar gari kuwa samarin nan ne da suka shiga don tuwo. Mai fito bai tsaya murna ba, ya nufi gidan surukansa da sauri. Wata tsohuwa ta kama hannunsa ta kai shi bayan gari ta nuna masa tudun ƙasa biyu, babba da ƙarami. Ta ce jini ne ya ɓalle wa Hansai wurin haihuwa, babu magani, babu ƙarfin jiki, jaririn kuma bai sami nono ba. Ta ce har ranta ya fita tana tambaya ko jirgi ya zo.

Dattawa suka ce alhakin na azzalumi ne, shi ya jawo, kuma ba ƙarya suka yi ba. Shi ma a inda ya gudu yana cewa na waɗanda suka rufe kogi ne. Mai fito bai yi musu da kowa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Shi ya kunna wutar, amma jirgin ni na kife shi." Bai ƙara fito ba har ya mutu.

Kawar da azzalumi daidai ne, ban musa ba. Sai dai kafin ka ɗaga sanda ka duba gadon bayan da za ta sauka a kai, domin sunan da ka kira daban, wanda ya ji zafin daban. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.