Sunan 'Yar Fari

Da hantsi, bayan ta sha maganinta, Inna ta kira 'yarta da sunanta.

Kofi ya kusa suɓuce wa 'yar. Ita ce ta fari, kuma tun da ta yi wayo a gidansu na Ƙofar Ran ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba. Alkunya ta hana. "Ke" ce, ko "waccan".

Amma tun da likita ya ɗora tsohuwar a kan ƙwayar kwantar da hankali bayan rasuwar Baba, harshenta ya yi nauyi, idonta ya lumshe, sunan kuwa yana fita garau. Har hannun 'yar take kamawa.

"Ashe haka kika rame? Matso kusa da ni."

"Maganin ne," in ji ƙanin 'yar. "Jiya ma cewa ta yi akwai awaki a ƙarƙashin gado."

'Yar ta rasa abin da za ta gaskata. Shin ƙwayar ƙirƙiro magana take yi, ko buɗe wadda aka daɗe da rufewa? Awakin dai babu su. Sunan fa?

Da likita ya ce a daina, kada jiki ya saba, Inna ta warware sarai. Ta gyara ɗankwali, ta kawar da kai.

"Ke, kawo min kunu."

'Yar ta damo. Sai ta tsaya a bakin ƙofa, kunun yana huci a hannu ɗaya, ƙwayar da ta rage tana jiƙewa da gumi a ɗayan.