Ƙwaron da ba ya jiran tabki ya ƙafe

Waccan shekarar gero bai yi ba. Tun da na ji Inna tana kuka a bayan rumbu nake tsoron Baba zai tafi cin rani kamar sauran maza, amma ban faɗa wa kowa ba.

Ran nan da la'asar na raka shi shayar da jaki a tabkin garinmu, kusa da Filinge. Ruwan ya ja baya, sai warin laka. Ya kamfato ruwa a ƙwarya, ƙwari suna ta yawo a ciki.

"Ɗiyata, duba, ba iri guda ba ne," in ji shi. "Wanga ƙarami bisa ruwa yake juyi. Wanga da baya yake iyo. Wanga baƙi mai sulɓi kuwa nutso yake yi, da ƴar kumfar iska a gindinsa."

Na ce, "In ruwan ya ƙare fa, Baba?"

Ya ɗaga bayan baƙin da farce, sai ga fiffike a naɗe. "Wanga ba ya jiran tabki ya ƙafe."

Bai dube ni ba da ya faɗa. Nan na gane.

A ranin ya tafi, bai dawo ba. Shekaru sun wuce. Yau ina goye da ɗana, ga mijina ya fara leƙa rumbu yana auna abin da ya rage.

Don Allah, in kun haɗu da wani dattijo ɗan Kurfai, wato yankinmu na Filinge, a garuruwan bakin teku, mai tabon lauje a hannun hagu, ku gaya masa tabkin yana cika kowace damina.