Mai Tuƙi da Kunne

Hazo ya haɗiye gaɓar Norway, har na bayan jirgin ruwa ba ya ganin na gaba. Su uku ne, abokan shekara arba'in, kuma babbansu da ke riƙe da sitiyari ko gezau bai yi ba.

"Tsohon banza, ina za ka kai mu?" in ji dogon cikinsu.

"Rufe baki ka busa ƙaho."

Dogon ya busa. Tsohon ya karkata kai yana auna jinkirin amsar da ke dawowa daga duwatsu, sannan ya karya hagu. Dogon ya tsura masa ido. Yaushe mutumin nan ya koyi tuƙi da kunne?

Can hazon ya yaye, ga jajayen gidajen ƙauyensu tar cikin rana.

"Sake busawa," in ji tsohon, idanunsa a kan gidajen. "Hazon nan ya ƙi tafiya."

Dogon ya dubi na ukunsu. In maganar ta isa gida, tsohon da teku sai labari. In suka yi shiru, ransu suka ba makaho.

"Ya ƙi kam," in ji dogon. Ya busa ƙahon, ya matso ya ɗora hannu ɗaya a kan sitiyarin.